Gaɓoɓin 'ya'yana sakakku ne, in hana su wasa?

Wata uwa daga Tudun Wada, Zariya, ta rubuto mana: "Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 15 dogo ne siriri, har ya wuce babansa. Yana buga ƙwallon kwando a Samaru, sau biyu ke nan kafaɗarsa tana gocewa. Ƙanwarsa mai shekara 8 tana lanƙwasa babban yatsanta har ya taɓa sangalin hannu, ba ta rabuwa da targaɗe, da dare kuma tana kukan ƙafa. Ni ma haka nake tun ina yarinya, yanzu shekarata 41, gwiwa da baya sun dame ni. Maigida ya ce a hana su wasa kwata-kwata, kakarsu ta ce a kai su wurin mai ɗori. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya miki su, ya ba ku lafiya. Kada a hana su wasa. Amma saurayin ya dakata da ƙwallon kwando daga yau har sai likita ya duba zuciyarsa. Wannan shi ne na gaggawa a wasiƙarki, ya fi maganar kafaɗar.

A jikin mutum akwai wani saƙaƙƙen nama da ke riƙe komai a mazauninsa. Shi ne jijiyoyin da ke ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa, shi ne agarar da ke haɗa tsoka da ƙashi, yana cikin fata da bangon jijiyoyin jini, har da zaren da ke riƙe gilashin cikin ido. Wasu an halicce su da wannan nama mai laushi, kuma gadonsa ake yi, shi ya sa kika gan shi a jikinki da na 'ya'yanki. Ya fi yawa a yara da mata, ya kuma fi yawa a mutanen Afirka da Asiya fiye da Turawa. Akasarin masu shi lafiyarsu ƙalau. Kaɗan ne nasu ke kaiwa ga ciwo mai suna, kamar Ehlers-Danlos, wanda aka kasa gida 13 a 2017, ko Marfan.

Marfan ne ya sa muka ce a tsayar da yaron. Yana samun kusan mutum 1 cikin 5,000, kuma siffar mai shi ita ce tsawo, siranta, dogayen hannuwa da zara-zaran yatsu, wato ainihin abin da masu horar da ƙwallon kwando ke nema. Zariya kuwa garin ƙwallon kwando ne, a nan Masai Ujiri, fitaccen jagora a harkar ƙwallon kwando, ya tashi, duk dogon yaro sai an ja shi fili. Haɗarin yana gindin babbar jijiyar jinin da ke fita daga zuciya. Bangonta yana buɗewa a hankali, shekara da shekaru, ba ciwo ba alama, sai ranar da yunƙuri ko karo ya sa ta tsage. Haka Flo Hyman, 'yar wasan ƙwallon raga ta Amurka, ta faɗi ana cikin wasa a Japan a 1986, sai bayan rasuwarta aka gane Marfan ne. Isaiah Austin kuwa, ɗan wasan ƙwallon kwando, gwajin likita ne ya gano nasa a 2014, yana dab da shiga NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka.

Akwai abin da za ki iya dubawa a gida kafin ku je. Ya jingina da bango ya ware hannuwa, a auna daga kan doguwar yatsa zuwa ta ɗaya hannun, a gwada da tsawonsa. Idan tsawonsa santimita 180 ne, faɗin ya wuce 189, alama ce, ko da yake mutanenmu da yawa dogayen hannuwa gare su, don haka ita kaɗai ba hujja ba ce. Ya dunƙule hannu da babban yatsa a ciki, ki ga ko kan yatsan ya leƙo ta gefen ƙaramin. Ya kama wuyan hannunsa da babban yatsa da ƙaramin yatsa na ɗaya hannun, ki ga ko sun hau juna. Ki dubi ƙirjinsa ko ya loma ko ya turo, ƙashin bayansa ko ya karkace, ko akwai nankarwa a kafaɗa ko baya alhali bai yi ƙiba ba, ko yana sa tabarau mai ƙarfi tun yana ƙarami. Sannan ki bincika a danginki da na maigida: akwai wanda ya faɗi ya rasu farat ɗaya da ƙuruciyarsa?

Ko ba ki ga ko ɗaya ba, a yi gwajin. Abin da za ku nema shi ne eko, hoton zuciya da ake ɗauka kamar na masu juna biyu, ba allura, ba ya wuce kamar rabin awa, kuma ana yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ku gaya wa likita a auna faɗin gindin babbar jijiyar. Gwajin isiji da ake manna wayoyi a ƙirji ba ya nuna wannan, hoton ƙirji ma bai wadatar ba. A kuma ga likitan ido, ya ɗiga maganin buɗe ido ya duba ko gilashin ciki ya goce.

Idan Marfan ne, to ƙwallon gasa, kokawa, dambe, sukuwa da ɗaga ƙarfe mai nauyi sun fita. Sauran tafiya da sauri, keke a shimfiɗaɗɗiyar hanya da ninƙaya a hankali, daidai yadda zai iya magana ba tare da haki ba. Likita kan ba da magani irin su atenolol ko losatan, a riƙa maimaita eko duk shekara, kuma ana maganar tiyata ne idan faɗin ya kai wajen santimita 5. Duk ɗan mai Marfan rabi da rabi ne ya gada, don haka ke da ƙanwar da maigida duk sai an duba ku. Ciwon ƙirji ko baya mai tsanani da ya zo lokaci guda, sarƙewar numfashi farat ɗaya, ko duhu ya rufe gefen ido, asibiti ne a take, ba a jira gari ya waye. Akwai kuma wani nau'in Ehlers-Danlos da ba shi da yawa, mai taɓa jijiyoyin jini. Alamarsa fata marar kauri da taruwar jini mai yawa daga ɗan ƙaramin bugu. Shi ma ba a wasan karo da shi.

Idan zuciya ta fito lafiya, alhamdu lillahi, sai a koma kan gaɓoɓi. Likitoci na auna sakinsu da ma'aunin Beighton mai maki 9: ƙaramin yatsa ya lanƙwasa baya ya wuce digiri 90, babban yatsa ya taɓa sangalin hannu, gwiwar hannu da gwiwar ƙafa su wuce miƙewa su koma baya da fiye da digiri 10, kowanne maki ɗaya dama ɗaya hagu, sai dafa ƙasa da tafin hannu ba a lanƙwasa gwiwa ba. Yaron da bai balaga ba ana ƙidaya daga maki 6, baligi zuwa shekara 50 daga 5, wanda ya haura 50 daga 4.

Ga abin da za ki fahimtar da maigida. Babu magani, abinci ko ɗori da zai ɗaure jijiyar da aka halitta sakakkiya. Abin da ake iya ƙarfafawa tsoka ce. Kamar rumfa ce da igiyarta ta saki, sai an ƙara mata dirka. Yaron da aka zaunar a gida tsokarsa narkewa take yi, gaɓar ta rasa mai riƙe ta, ciwo ya ƙaru, ranar da ya taka rami a hanyar makaranta kuma raunin ya fi na filin wasa. Akwai wani abu na biyu. Masu irin wannan jiki gaɓarsu ba ta saurin sanar da ƙwaƙwalwa inda take, shi ya sa ƙafa ke gurɗewa kafin yaro ya ankara. Wannan ana koya wa jiki, kuma yara sun fi kowa saurin ɗauka.

Ita 'yar shekara 8, abu na farko ta daina nuna bajinta. Yara kan taru su ce "ƙara yi mu gani", wani lokaci har manya. Duk lanƙwasar da ta wuce iyaka ƙara miƙe jijiyar take yi. A daina ɗaga ta ko lilo da ita da hannu ɗaya. Idan tana zama a tsakanin ƙafafunta, gwiwoyi gaba, sawaye a baje gefe da gefe, a canza mata zuwa tanƙwashe ƙafa ko miƙe su. Atisayenta minti 10 ne, kwana 4 ko 5 a mako, a mai da shi wasa. Ta tsaya da ƙafa ɗaya daƙiƙa 30, sau 3 kowace ƙafa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ba a kulle ta baya ba. In ta iya, ta yi da ido a rufe, daga nan a kan matashin kai. A ja layi a tsakar gida ta bi shi, diddige na taɓa yatsa, taku 10 zuwa, 10 dawowa. Ta dafa bango ta yi ɗage ta sauko a hankali, sau 10 zuwa 15, zubi biyu. Ta kwanta rigingine, gwiwa a lanƙwashe, ta ɗaga ƙugu ta riƙe daƙiƙa 5, sau 10. Sai an yi mako 6 zuwa 8 ake fara ganin canji. Wasu iyaye tun kafin nan suke barin abin, su ce bai yi ba.

'Yar gala-gala da tsallen igiya suna da amfani in ƙasar a daidaice take kuma ba a daɗe ba. Langa ta jira sai tsayuwar ƙafa ɗaya ta zauna. Ba gudu da silifas. A saya mata kambas mai igiya, kuma a kasuwa ki matse bayan diddigen da yatsa biyu, in ya lotsa ki bar shi. Ki murɗa takalmin, in ya murɗu kamar tsumma ki bar shi. In gwanjo ne ki juya ƙasansa ki ga ko ya cinye gefe ɗaya. Jakar makaranta ta zama mai hannu biyu, kada nauyinta ya wuce kamar kashi 10 cikin 100 na nauyin yarinyar. Ki je da kanki ki roƙi malamanta, na boko da na Islamiyya, kada a sa ta tsallen kwaɗo ko dogon durƙuso, a kuma bari ta gyara zama in an daɗe a ƙasa.

Kukan dare, in ƙafa biyu ne, bayan yinin da ta sha wasa, da safe kuma ta tashi garau, tausa da ɗumi da farasitamol daidai nauyinta sun isa. Amma in gaɓa ta kumbura, ta yi zafi, ko da zazzaɓi, ko ta tashi da ɗingishi, ko ciwon ya tsaya wuri ɗaya, wannan wani abu ne daban, a kai ta asibiti. A ƙasarmu kuma duk yaron da ke ciwon ƙashi a tabbatar an san jinsin jininsa saboda sikila.

Saurayin yana shekarun da rauni ya fi yawa. Ƙashi na tsawo da sauri, tsoka na biyo shi a baya, ga ƙarfin hali, ga kunyar cewa "na gaji" a gaban abokai. Kafaɗar da ta goce sau biyu kafin shekara 20, in an bar ta haka, sake gocewa za ta yi, kuma duk gocewa tana ƙara ɓata bakin gurbin. Ya ga likitan ƙashi a ɗauki hoto, sannan a tura shi sashen fisiyo, wato masu gyaran gaɓoɓi da atisaye, a Shika ko a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano. Ya sa rai da wata 3 ko fiye na atisaye kafin ya koma gasa. Tiyata ba ita ce farko ba, domin ɗinkin da aka yi a nama mai laushi yakan sake saki. In ta kama dole, a gaya wa likitan irin jikinsa tun kafin a shiga.

Inda kafaɗa ke fita shi ne a ɗaga hannu gefe a juya shi baya, kamar mai shirin jifa ko mai tare ƙwallo a sama. Ya guji wannan yanzu, har da kwanciya da hannu a ƙarƙashin kai. Atisayen gida ba ya buƙatar kuɗi. A yanko roba daga tsohon tib ɗin keke a ɗaure a ƙyauren ƙofa daidai ƙugu. Ya matse ninkakken tawul tsakanin gwiwar hannu da haƙarƙari, hannu a lanƙwashe, ya ja robar waje a hankali, ya dawo da ita a hankali fiye da yadda ya ja, sau 12 zuwa 15, zubi 3. Sai ya fuskanci ƙofar ya ja robar da hannu biyu zuwa ciki yana haɗa allon kafaɗu. Sai tura bango da hannu biyu, kada ya kulle gwiwar hannu in ya miƙe. Yau a yi, gobe a huta. Ma'aunin ciwo kuwa, in an kasa shi 10, kada ya wuce 3 lokacin atisaye, kuma ya kwanta cikin awa 24. In ya kai jibi, an yi yawa, a rage. Ƙari kada ya wuce kamar kashi 10 cikin 100 a mako.

Kuskuren da aka fi yi a fili shi ne miƙa jiki. Yaro zai ce cinyarsa ta ɗaure, koci ya zaunar da shi ya danna bayansa. A irin wannan jiki ɗaurewar tsoka ƙoƙari ne na riƙe gaɓar da ta saki, in an miƙe ta da ƙarfi an kwance mai gadin ne. Ɗumama jikinsa ya zama sassarfa, tafiya gefe-gefe, tsuguno rabi da koyon dira: ƙafa biyu, gwiwa a lanƙwashe tana kallon yatsun ƙafa, ba ta faɗa ciki ba. Tsarin ɗumama jiki mai suna FIFA 11+ na 'yan shekara 14 zuwa sama ne, minti 20 ne, kuma bincike ya nuna yana rage rauni da kusan kashi ɗaya cikin uku in ana yin sa aƙalla sau biyu a mako. Don ƙwallon ƙafa aka tsara shi, amma dirar da daidaiton da ke ciki sun dace da ƙwallon kwando. Awannin wasansa a mako kada su wuce yawan shekarunsa, a haɗa har da na makaranta da na unguwa bayan la'asar, da hutun kwana ɗaya ko biyu. Ku yi magana da kocin ya riƙa fitar da shi kafin ya galabaita, domin tsoka na gajiya gaɓar ta koma kan jijiyar da ba ta iya riƙewa. In idon sawu ya taɓa targaɗe, ya sa abin ɗaurin ƙafa mai igiya da ake sayarwa don riƙe idon sawu, lokacin wasa kawai, na wata 6 zuwa shekara. 

Wuraren ɗaga ƙarfen siminti na unguwa ya nisance su yanzu, musamman tura ƙarfe a kwance, saukar da shi bayan wuya da rataya a sanda. Ki sa ido kan ƙwayoyin ƙarin ƙarfi da tiramadol, domin ɓoye ciwo suke yi yaro ya ci gaba da wasa a kan rauni. Wasu masu irin jikinsa kan ji jiri da bugun zuciya in sun miƙe tsaye, abin ya fi tsanani a zafin Maris da Afrilu. Ya sha ruwa kafin wasa da bayansa, da azumi kuma ya mai da atisaye bayan buɗa-baki.

Ke kuma Hajiya, a shekarunki sakin yana raguwa, ƙagewa da ciwon gaɓa su maye gurbinsa. Ki fara da tafiya minti 10 da takalmi mai riƙe ƙafa, ki riƙa ƙarawa har minti 30, kwana 5 a mako. Tashi da zama a kujera ba tare da dafa gwiwa ba, sau 10, zubi 3, yana gina cinya, cinya kuwa ita ke kare gwiwa. Ki lura da tsayuwarki a wurin girki, kada gwiwa ta koma baya. 'Yar tsuguno ta yi miki ƙasa, ki nemi kujera mai ɗan tsawo. Ruwa ki raba shi bokiti biyu ƙanana. In kuma gwaji ya nuna Marfan a gidan, kada ki ɗauki ciki sai kin ga likitan zuciya.

Ranar da rauni ya faru, a tsayar da wasa nan take. A naɗe ƙanƙara ko daskararren ruwan leda a tsumma, a ɗora minti 15 zuwa 20, duk bayan awa 2 ko 3, na kwana biyu. A naɗa bandeji ba tamau ba, a ɗaga ƙafar bisa matashi. Gashi da ruwan zafi da murza man zafi a kwanakin farko ƙara kumburi suke yi. In bai iya taku 4 ba, ko ƙashin kansa ne ke ciwo in an danna, a ɗauki hoto. Kafaɗar da ta fita a rataye hannun da gyale a nufi asibiti, kada abokai su ja. Kaka don ƙauna ta faɗi nata, a lallashe ta, amma ja da murɗa na ɗori ba su dace da wannan jiki ba. Suna iya yaga abin da ya rage, su taɓa jijiyar da ke motsa hannu, ko a ja ƙashin da ya tsage ba a sani ba, ɗaurin kara mai tsauri kuma kan tare jini.

Sai maganin da kusan kowane gida ke sha da sunan taifot: sipro, da 'yan uwansa lebofuloksasin da ofuloksasin. Suna raunana agara har ta tsinke, musamman ta bayan diddige, kuma a Disamba 2018 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa suna ƙara haɗarin tsagewar babbar jijiyar jini ga masu Marfan da wasu nau'o'in Ehlers-Danlos. Kada ɗayanku ya karɓe su a kemis. Ki rubuta sunayen nan uku a takarda ki ajiye tare da katin asibiti, duk likitan da zai rubuta muku maganin kashe ƙwayar cuta ki nuna masa ki tambaya ko akwai madadi. In ya ce babu, a sha yadda ya tsara, amma a ajiye gudu da tsalle lokacin shan da makonnin da ke biye, kuma da an ji ciwo ko kumburi a bayan diddige a tsayar da shi a koma wurinsa ranar.